Garwa, Marwa, Ngaundare ko Njamena: a ina albashi ya fi auki?

Sani_Rumde:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so a yi mana lissafi na gaskiya, a ajiye son gari a gefe. A ce magidanci ne mai mata ɗaya da yara huɗu, albashinsa jaka 250, wato sefa 250,000, a wata kafin a cire komai, kuma aikin nasa ana iya yin sa a Garwa, Marwa ko Ngaundare a Kamaru, ko kuwa Njamena a Chadi. A ina kuɗin nan zai fi yi masa auki? Abu uku nake so a duba: haya da sayen fili, cefane da wuta da mai, sai haraji. Kullum ana cewa Njamena tsada, Marwa araha, amma ba a faɗin ta ina tsadar take shigowa.

Malam_Kontabul:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Mu fara da haraji, don nan ne aka fi ruɗewa. Garwa, Marwa da Ngaundare duk doka ɗaya ke kansu. Jihar Arewa ko Adamawa ko Arewa Mai Nisa ba ta da harajin albashi nata na kanta, daga Yawunde ake tsara shi. TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, ita ma ɗaya ce, kashi 19.25 cikin ɗari, wato 17.5 da ƙarin kashi goma na abin da aka caja, wanda ake ba ƙananan hukumomi.

Ga yadda jaka 250 take fita a Kamaru. A shekara miliyan 3 ke nan. Ana ɗaukar kashi 70 kawai, 2,100,000. A cire na CNPS, asusun fansho na ma'aikata, kashi 4.2 na albashin, wato 126,000, a sake cire 500,000 da doka ta yafe wa kowa. Saura 1,474,000. Tunda bai kai miliyan 2 ba, kashi 10 ne a kansa, 147,400, da ƙarin na meri, wato ƙaramar hukuma, 14,740. A wata ya kama wajen 13,500. Sai CNPS 10,500, Crédit Foncier, bankin bashin gina gidaje, kashi 1 wato 2,500, kuɗin rediyo da talabijin 3,250, da harajin raya ƙaramar hukuma 1,500. Gaba ɗaya kusan jaka 31. Abin da zai shiga hannunsa wajen jaka 218 da 'yan kai, ko a unguwar Domayo ta Marwa yake zaune ko a Baladji ta Ngaundare.

Abakar_Ridina:
Na Chadi bai yi nisa da wannan ba. CNPS tamu kashi 3.5 ne a kan ma'aikaci, 8,750 a wata. Sefa 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su, abin da ya haura ne ake fara cire wa kashi goma da ɗoriya, kuma ƙololuwa kashi 30 ne, ba 35 irin na Kamaru ba. Ko a kan kashi goma cif ka lissafa, 2,095,000 zai ba ka wajen 17,500 a wata. Haɗa da CNPS, jaka 26 da wani abu. Bambancin jaka huɗu ko biyar ba shi zai sa mutum ya kwashe iyali ya ƙetare gadar Ngeli da ta haɗa Kuserin Kamaru da Njamena ba. Malam Sani, matsalar Njamena tana wajen haya da wuta.

Hajiya_Domayo:
Ni ta tukunya zan yi magana. Abin da ƙasa ke fitarwa a nan kusa, Marwa ta fi su duka sauƙi: albasa, masakwa idan an girbe ta wajen Fabrairu, wake, kuɓewa busasshiya, shinkafar kamfanin SEMRY daga Yagwa da Maga, man girki na Diamaor na kamfanin auduga Sodecoton. Amma duk abin da ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala, irin su fulawa, madarar gwangwani, shinkafar waje, kwanon rufi, kowane gari da ya wuce sai an ɗora masa kuɗin mota. Jirgin ƙasa a Ngaundare ya tsaya. Daga nan kamiyo ne, wato babbar mota, kilomita wajen 275 zuwa Garwa, wasu 200 da ɗoriya zuwa Marwa, sannan a kama hanyar Mora, Dabanga, Kuseri. Gidan da ke cin tuwon dawa da miyar kuka ya fi samun sauƙi a Marwa. Gidan da yaransu suka saba da burodi da madara da taliya ya fi samun sauƙi a Ngaundare.

DanTongo:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ta bar doya, masara, dankali da nama. Adamawa ƙasar shanu ce, nono da nama ba sai an yi musu doguwar tafiya ba. Kuma akwai kuɗin da mutumin Ngaundare ba ya kashewa sam: garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, yawancin shekara ko fanka ba a kunnawa da dare.

Injiniya_Bello:
Maganar DanTongo tana da nauyi, bari a saka mata lamba. Fanka mai wat 60, awa 12 a rana, tana cin wajen kilowat 22 a wata. Uku a gida, 65. Firji matsakaici a sa masa 40. Fitilu, talabijin da cajin waya a sa 25. An kai 130. A farashin wutar gidaje na Kamaru, daga 0 zuwa 110 sefa 50 ne kowane kilowat, daga 111 zuwa 400 sefa 79, daga 401 zuwa 800 sefa 94, sama da haka 99. Ka ga fanka uku kaɗai ke fitar da gida daga ajin 50 zuwa ajin 79. Gidan Ngaundare da ba ya kunna su yana nan ƙasa da 110.

Idan kuma zafin Maris zuwa Mayu ya sa aka saka na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi, tana jan wajen kilowat 1.1 a awa. Awa 8 kullum, 264 a wata, jaka 20 da wani abu ita kaɗai. Sannan wanda ya haura kilowat 220 a wata ya fita daga cikin waɗanda aka yafe wa TVA a kan wuta. Garwa da Marwa duk wannan hukuncin ne.

Mahamat_Farsha:
Injiniya, ku dai kuna lissafin wutar da ke zuwa. A Njamena lissafin na wadda ba ta zuwa ne. Chadi na cikin ƙasashen da mutanensu suka fi ƙarancin samun lantarki a duniya, kuma abin da ake samu yawanci daga injinan da ke ƙona mai ne, don haka kilowat ɗin ya fi na Kamaru tsada. Unguwa tana iya kwana biyu babu wuta a tsakiyar zafi. Mai haya sai ya zaɓa: janareto, ko sola. Ƙaramin janareto da ke shan lita ɗaya a awa biyu, idan ya yi awa shida a dare, lita 90 ke nan a wata. A farashin esansi, wato fetur, na sefa 730 a lita da aka sa a Fabrairun 2024, ya haura jaka 65. Kwata na albashin da ake magana ya tafi. Shi ya sa mai hankali yake sayen faranti biyu da batir da fanka mai aiki da batir tun watan farko, ko da bashi ne.

Injiniya_Bello:
Haka ne Malam Mahamat, sai dai kada a ɗauka arewacin Kamaru ta tsira. Jihohin nan uku layi ɗaya suke sha, tushensa madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka gama a 1982. Shekarar da ruwan Binuwai ya yi ƙasa, ana rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola na Marwa da Gider sun rage abin da rana, da dare kuwa ana ji. Wutar nan ta fi ta Njamena samuwa nesa ba kusa ba, amma a sa kuɗin fitila mai caji da batir a lissafi.

Ummu_Haidar:
Akwai inda Njamena ta fi mu, kuma a faɗa. Gas. Tukunyar kilo 6 da gwamnatin Chadi ke tallafa wa sefa 2,000 ce, kilo ɗaya wajen 333. A Kamaru mai kilo 12.5 sefa 6,500 ce, kilo ɗaya 520, kuma a nan arewa ba kullum ake samun ta a wannan kuɗin ba. Nama ma ya fi araha a can. Matsalar ita ce duk lokacin da matatar mai ta Jarmaya ta tsaya don gyara, gas yakan ɓace, a ga mata a layi da tukwane tun asuba, gawayi kuma an hana shi tun ƙarshen 2008. Duk mai zama can ya mallaki tukunya biyu ko uku, kada ya jira ta ƙare kafin ya ɗura ta biyun.

Sani_Rumde:
Na gode ƙwarai. To haya fa? Har yanzu ba a taɓa ta sosai ba.

Alhaji_Dillali:
Haya ba a yi mata kuɗi ɗaya a ce na gari ne, unguwa ce ke yanka farashi. A Garwa, Plateau da Marware ba ɗaya suke da Fulɓere ko Takasko ba. A Marwa, Domayo da Pitoware sun yi sama saboda ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka cika garin tun rikicin Boko Haram, kuma jami'ar da aka buɗe a 2008 ta cinye ƙananan ɗakuna. A Ngaundare ɗalibai suna can Dang, kilomita wajen 15 daga gari, don haka ba su matsa wa magidanta a cikin gari sosai ba. Garwa ta samu tata jami'ar a 2022, ɗaki-da-falo ya fara motsi. Njamena kuwa babban birni ce: ofisoshin jakadanci, kamfanonin mai, Majalisar Ɗinkin Duniya, duk suna neman gida mai katanga da ruwa da wuta a Klemat da Sabangali, kuma masu gida a sauran unguwanni suna kallon can su yanka nasu. Gida iri ɗaya, ɗaki uku da banɗaki a ciki, Njamena ce kan gaba da rata mai yawa, sauran ukun suna kusa da juna.

Abin da za a tambaya kafin a ba da ko dala: wata nawa ake biya gaba, wata nawa ne kuɗin ajiya, kuma a rubuta sharaɗin mayar da shi. Konta ta wuta, wato mita, taka ce kai kaɗai ko ta tarayya? Ta tarayya tana tura kowa ajin 94 ko 99, mai fitila biyu ya biya wa mai firiza. A nemi takardar biyan wuta da ruwa ta watan ƙarshe, don bashin tsohon ɗan haya a kan konta yake zama. A leƙa masai a ga ko ya kusa cika, a yi magana wa zai biya kwasa.

Abakar_Ridina:
Wani zai kawo maganar cewa Njamena ta taɓa zama ta biyu a tsada a duniya. Gaskiya ne, a jerin birane masu tsada na kamfanin Mercer na 2014 tana bayan Luwanda. Amma wannan lissafin Turawa ma'aikata ne masu cin kayan kanti da zama a gidan bene. Mai cin biski da miyar kuɓewa a Digel ko Ndjari ba wannan rayuwar yake yi ba. Tsada akwai, sai dai ba ta kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Mafi ƙarancin albashi a Chadi 60,000 ne tun 2011, Kamaru sai a 2023 ta kai 60,000 a kamfanonin da ba na noma ba.

Kawu_Madagaskar:
Ku kuna ta gari huɗu, kun manta na biyar. Mutane da yawa suna aiki a Njamena suna kwana a Kuseri. Haya irin ta Kamaru, makarantar yara irin ta Kamaru, albashi na Njamena, kuɗi kuma sefa ɗaya ce ba canji. Abin da ke ciki: gadar Ngeli ba ta kwana a buɗe, mai aikin dare ko mai tashi a makare ba zai iya ba. Duk ranar da aka samu matsalar tsaro ana iya rufe ta ba sanarwa. Kuɗin babur zuwa da dawowa kullum a ninka shi sau 26 a gani ko ribar hayar tana nan. Kuma yarjejeniyar CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu sefa ɗaya, ta shiga ba biza kwana 90 ce ta ziyara, ba ta maye gurbin takardar zama ko ta aiki ba.

Malam_Kontabul:
Ƙari a kan maganar Kawu: harajin albashi a inda ake aikin ake cire shi. Mai aiki a Njamena, Chadi ce za ta cire nata ko da a Kuseri yake kwana, kuma fanshonsa a CNPS ta Chadi yake taruwa.

Sai harajin da ke kan haya a Kamaru, wanda mutane ba su sani ba sai rigima ta tashi. Yarjejeniyar haya ana yi mata rajista a ofishin haraji: kashi 10 na hayar shekara idan shago ne ko ofis, ƙasa da haka idan gidan zama ne. Shagon jaka 40 a wata, 480,000 a shekara, rajistarsa 48,000 ban da tambur, wato kan sarki. Idan kamfani ne ko gwamnati ke haya, su suke riƙe harajin mai gida su kai da kansu, kashi 15 a dokar da aka yi aiki da ita har 2025. Mai gida da bai san wannan ba sai ya ga kuɗinsa ya zo da giɓi ya ce an cuce shi. Dokar kuɗi tana sauyawa kowace Janairu, a tambayi adadin shekarar kafin a sa hannu.

Goggo_Yelwa:
Yayana Kontabul, matar gidan nan da ake magana idan tana da teburin sayar da kaya ko keken ɗinki a bakin kasuwa fa? Nan ne na ga garuruwa suna bambanta.

Malam_Kontabul:
Haka ne Goggo, nan meri take da hannu. Kuɗin rumfa, tikitin kasuwa na kullum, kuɗin tsafta, izinin gini, kowace ƙaramar hukuma tana sa nata a cikin iyakar da doka ta ba ta. Tsohon harajin ƙananan 'yan kasuwa mai aji A zuwa D an maye gurbinsa da sabon haraji mai suna IGS a dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disambar 2024, ga duk wanda cinikinsa bai kai miliyan 50 a shekara ba, kuma da yawan ciniki ake sa mutum a aji. Abin da ke cutar mutane rashin littafi ne. Wanda ba ya rubuta cinikinsa, ma'aikaci zai kalli kayan da ke kan kanta ya ƙiyasta, kuma ƙiyasi ba ya sauka ƙasa. Littafi na sefa 500 da rasit na kowane biya sun isa kariya. A Chadi makamancinsa IGL ne.

Magini_Usmanu:
A dawo kan fili da gini, don mai yara huɗu ba zai dawwama a haya ba. Araha a fili ba araha a gini ba ce. Kuseri, Njamena da wasu gefunan Marwa baƙar laka ce, tana kumbura da damina ta tsage da rani. Wanda ya yi mata tushe mai zurfin santimita 40 kamar yadda ake yi a kan jar ƙasar Ngaundare, shekara biyu bango zai tsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Sai an haƙa har a wuce lakar ko a kai wajen mita ɗaya da ɗoriya, a zuba yashi a daddale, a ɗaure ƙasa da sama da rodi mai lamba 10 ko 12, a ɗaga daɓe sama da titi. Wannan kaɗai yana iya cin kuɗin ɗaki guda.

Tsakuwa kuma: Marwa duwatsu ne kewaye da ita, Garwa da Ngaundare ma ba su rasa ba. Njamena babu dutse kusa, daga wajen Dandi can gefen tafkin Chadi ake kawowa, tafiyar kilomita wajen ɗari, kuɗin motar ya fi na dutsen. Siminti akwai masana'antar Figil tsakanin Garwa da Marwa, nan ma su biyun sun ci riba. Buhu mai kilo 50 bulo 30 zuwa 35 yake bayarwa na mai faɗin 15. Mai buga bulon da ya fitar da 50 yashi ya sayar maka: ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ka sake shi, idan ya watse kada ka saya.

Mahamat_Farsha:
A ƙara da ruwa. Filin da ka ji ya yi araha a Waliya ko Tukra, ka tambayi inda ruwa ya tsaya a Oktoban 2022. Kuseri da Yagwa ma a tambayi na 2024. Ba a sayen fili da rani a waɗannan wurare. A je a watan Satumba ko Oktoba, a duba layin danshi a bangon maƙwabta, shi ne shaidar da ba ta ƙarya.

Lauya_Hadiza:
Magini ya yi maganar tushe, ni ta takarda zan yi, don an fi asarar kuɗi a nan. A Kamaru takardar jauro ko lawan shaida ce cewa an yi ciniki a gabansu, ba mallaka ba ce. Mallaka ita ce titre foncier, takardar mallakar fili ta gwamnati, wadda muke ce wa take. Dokar 6 ga Yulin 1974 ta ce cinikin fili mai take dole a gaban notar, wato mai tabbatar da takardun ciniki bisa doka, in ba haka ba cinikin bai yiwu ba. Kafin a biya: a karɓi lambar taken, a je ofishin filaye na yankin a ciro takardar da ke nuna sunan mai shi a yau da ko an jinginar da shi a banki. A kawo mai awo na gwamnati ya nuna duwatsun iyaka. Idan yanki ake saya daga babban fili, sai an yanka shi a takarda ya samu nasa taken. Idan gado ne, a ga hukuncin kotu na magada, sa hannun babban wa shi kaɗai bai isa ba.

Kuɗin rajista kashi 5 ne a filin birni da ba gini, kashi 10 idan da gini. Filin miliyan 5, jaka 250, ban da na notar da na awo. Rage kuɗi a takarda ba ya aiki, hukuma tana da nata farashin kowace unguwa. Bayan haka harajin gida na shekara kashi 0.1 ne, gidan miliyan 20 jaka 20. A Chadi dokokin Yulin 1967 ne tushe, kuma takardar bulama matsayinta ɗaya da ta jauro. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba baƙon abu ba ne a kotunan ƙasashen biyu.

DanTongo:
To idan aka tara, Ngaundare ce. Ba fanka, ba laka, kayan Duwala kusa.

Hajiya_Domayo:
A'a ɗana, ba a gama ba. Itace da gawayi da bargo da maganin mura na damina mai wata bakwai ba kyauta ba ne. Kuma mutumin da danginsa ke Marwa ko Kuseri, kowace rasuwa da kowane suna kuɗin mota ne na mutum shida. Wanda ke da gonar masakwa a ƙauyensu, buhu huɗu da za a aiko masa sun fi duk rangwamen wutar da Injiniya ya lissafa.

Sani_Rumde:
Malam Abakar, Malam Mahamat, idan aikin Njamena ya zo da ƙarin albashi, nawa ya kamata ƙarin ya kai kafin a ce ya biya?

Mahamat_Farsha:
Kada ka karɓi adadi daga bakin kowa, ka haɗa shi da kanka daga abu huɗu. Ratar haya tsakanin gidan da za ka iya zama a ciki a can da irinsa a Garwa, a tambayi dillali biyu a kowane gari a rana ɗaya. Kuɗin sola a raba shi wata 24, don batir ba ya wuce haka sosai a zafin nan. Ruwa, idan gidan ba famfo sai na 'yan kura, a ƙirga jarka nawa gida mai mutum shida ke sha a rana. Sai makaranta da asibiti, don da yawa daga cikinmu Kamaru muke tura yara jami'a, inda ɗan CEMAC ke biyan 50,000 daidai da ɗan ƙasa, kuma can ake kai mara lafiya idan abu ya yi tsanani. Daga jimlar ka cire abin da gas da nama za su rage maka. Kuma ka nemi a rubuta kuɗin gida daban a cikin kwantiragin, kada a ce yana cikin albashi.

Goggo_Yelwa:
Lauya Hadiza, wanda ya riga ya gina a kan takardar jauro tun shekaru goma, ta ina zai fara neman taken? Ofishin sufurfe, wato mai mulkin gunduma, ko na filaye?